Ɗebo Wasiƙun Imel Daga Sabar Ta Hanyar Manhaja Da Makomar Haruffa Masu Lanƙwasa

1.0 Gabatarwa

Duk editan mujalla ko sakataren ƙungiyar nazarin harsuna da ya shekara goma yana karɓar maƙalu ta imel, to babu shakka ya tara dubban wasiƙu a akwatinsa. A cikinsu akwai maƙalu da gyare-gyarensu da ra'ayoyin masu tantancewa, akwai kuma rubutun yau da kullum na masu harshe, irin wanda ba a samun sa a littattafan da edita ya riga ya tace. Manazarta Ingilishi sun daɗe da gane darajar irin wannan matani. Wasiƙu kusan rabin miliyan na ma'aikata wajen 150 na kamfanin Enron na Amurka, waɗanda hukuma ta fitar a bainar jama'a a 2003 lokacin binciken durƙushewar kamfanin, sun zama rumbun da aka yi ta nazarin harshe a kansa shekara da shekaru.

Buɗe dubban wasiƙu ɗaya bayan ɗaya da hannu aiki ne da zai ci watanni. Abin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta 'yar gajeruwar manhaja wadda za ta je sabar wasiƙu, wato kwamfutar da ke ajiye saƙonni a madadin mai akwati, ta ɗebo su, ta jera su yadda manazarci yake so. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake yin haka, sannan ta tsaya a kan wuraren da rubutun harsunan Nijeriya yake lalacewa a hanya.

2.0 Ƙa'idojin Ɗebo Wasiƙa

Aika wasiƙa da ɗebo ta ayyuka ne biyu mabambanta. Ƙa'idar SMTP, wadda Jon Postel ya rubuta a 1982, ita ke kai saƙo daga wata sabar zuwa wata, kuma da zarar saƙon ya isa akwatin mai shi aikinta ya ƙare. Fito da shi daga akwatin kuwa yana bisa ɗaya daga cikin ƙa'idoji biyu.

Ta farko ita ce POP, wadda ta bayyana a 1984, siga ta uku kuma, wato POP3, ta fito a 1988 aka daidaita ta a 1996. An gina ta ne a kan tunanin akwatin gidan waya: mutum ya zo da makullinsa, ya kwashe abin da ke ciki, ya tafi gida ya karanta. Umarninta kaɗan ne. LIST yana jero saƙonni da girmansu, RETR yana ɗebo saƙo, DELE yana sa masa alamar gogewa, QUIT kuma yana rufe hulɗa. Abin lura shi ne gogewar ba ta tabbata sai an ba da QUIT, amma da zarar an bayar, ƙa'idar ba ta tanadi hanyar dawo da saƙon ba. Haka kuma wasu masu ba da akwatin imel, irin su Gmail, suna da wani zaɓi da ke goge nasu kwafin da zarar an ɗebi saƙo ta POP. Manazarcin da bai duba wannan ba zai iya wayar gari ya tarar da akwatin mujalla fayau.

Ta biyu ita ce IMAP, wadda Mark Crispin ya ƙirƙiro a Jami'ar Stanford a 1986. Sigar da aka fi amfani da ita ta fito a 1996, aka sabunta ta a 2003, sannan wata sabuwa ta biyo baya a 2021. A nan saƙonni suna zama a sabar, cikin jakunkunan da mai akwati ya tsara, manhaja kuma tana iya neman wani yanki kawai na saƙo, kamar kanunsa, ba sai ta jawo shi dungurungum ba. Ga wanda ke aiki da intanet mai tsada ko mai yawan yankewa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Don aikin tattara matani IMAP ta fi dacewa nesa ba kusa ba.

3.0 Kundin Umarni da Matakan Aiki

Mai tsara manhaja ba ya bukatar ya zauna ya rubuta hirar da ke tsakanin kwamfutarsa da sabar tun daga tushe. Akwai kundayen umarni da aka riga aka shirya, waɗanda ke ɗauke wannan nauyi. Crispin kansa ya rubuta wani mai suna c-client, wanda aka gina manhajar Pine ta Jami'ar Washington a kansa. Masu aiki da Java suna da JavaMail, wanda yanzu ake kira Jakarta Mail, masu aiki da .NET kuma suna da MailKit. Harshen Python, wanda manazarta harshe suka fi sabawa da shi, yana zuwa da poplib da imaplib da kuma wani kundi na uku mai suna email, wanda ke warware saƙon bayan an ɗebo shi.

Da farko manhaja tana ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba 993 ta sabar, wadda ake bi idan ana son hirar ta kasance a ɓoye, domin tsohuwar ƙofa ta 143 a fili take fara hira. Takwarorinsu a POP3 su ne 995 da 110. Sai a gabatar da shaida. A da suna da kalmar sirri sun wadatar, amma a 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri ta yau da kullum daga irin waɗannan manhajoji a akwatunan jama'a, Microsoft ma ya yi haka a Exchange Online a shekarar. Yanzu ko dai a nemi takardar izini ta tsarin OAuth 2.0, ko kuma, inda aka yarda, a ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman don manhajar. Yawancin tsofaffin misalan da ɗalibai ke kwafowa a nan suke cijewa.

Bayan shiga sai zaɓen jaka, kuma a nan akwai tarko. Umarnin SELECT yana buɗe jaka da ikon canji, EXAMINE kuwa don dubawa kawai. Idan aka buɗe da SELECT aka ɗebi gundarin saƙo, sabar za ta sa masa alamar an karanta, ta yadda edita zai ɗauka ya riga ya ga maƙalar da bai taɓa gani ba. Maganinsa shi ne EXAMINE, ko kuma BODY.PEEK a lokacin ɗiba. Tarko na biyu shi ne lambobin saƙonni. Kowane saƙo yana da lambar jeri, wadda ke sauyawa duk lokacin da aka cire wani da ke gabansa, yana kuma da lambar UID wadda ba ta sauyawa muddin wata lamba ta jakar, UIDVALIDITY, tana nan yadda take. Manhajar da za ta ci gaba gobe daga inda ta tsaya yau dole ta riƙe waɗannan biyu na ƙarshe.

Ya kamata a faɗi a nan cewa samun makulli ba shi ne samun izini ba. Wasiƙa ta mai aikawa ce da mai karɓa, kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi sunaye da adireshin da ke cikinta. Sai an nemi yardar masu su, an kuma cire abin da zai nuna su, kafin wasiƙu su shiga rumbun nazari.

4.0 Haruffa Masu Lanƙwasa a Kan Hanya

Abin da sabar ke miƙowa ba haruffa ba ne, jerin lambobi ne da ake kira bayit. Tsarin imel na 1982 an gina shi ne a kan ASCII, mai gurabe 128 kacal, waɗanda suka ishi Ingilishi amma babu ɓ ko ɗ ko ƙ a cikinsu, babu ẹ da ọ da ṣ na Yarabanci, babu ị da ụ da ṅ na Ibo. A 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka fito da tsarin MIME, wanda ya ba saƙo damar bayyana irin tsarin haruffan da aka rubuta shi da shi, ya kuma kasu gida-gida har da takardun da aka maƙala masa. A shekarar ce kuma Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, wanda a yau shi ne ke ɗauke da haruffan harsunan Afirka.

A UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne: ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. Don su ratsa tsohuwar hanya lafiya, MIME yana lulluɓe su ta ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai a mai da saƙon duka zuwa Base64, wanda ido ba ya iya karantawa kuma yake ƙara girmansa da kashi ɗaya cikin uku, ko kuma a rubuta kowane baƙon bayit da alamar daidai a gabansa. Ga yadda kalmomi biyu ke bayyana ta hanya ta biyu:

(1) ƙasa → =C6=99asa
(2) faɗa → fa=C9=97a

A kanun saƙo, kamar layin batu ko sunan mai aikawa, ana ƙara wani lulluɓi, sai (1) ta zama =?UTF-8?Q?=C6=99asa?=. Kundin imaplib ba ya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan, aikin kundin email ne, kuma wanda ya tsallake wannan mataki zai ƙirga “=C6=99asa” a matsayin kalmar Hausa. Hatta sunan jaka yana da nasa lulluɓin daban a IMAP ta 2003, inda jaka mai suna Ƙamus take fitowa a matsayin &AZg-amus. Sigar 2021 ta koma UTF-8, amma ba kowace sabar ce ta rungume ta ba.

Ɓarnar da ta fi yawa tana faruwa ne idan aka karanta bayit na UTF-8 da tsarin Windows-1252 na Yammacin Turai, ko don saƙon ya ba da bayanin da ba daidai ba game da kansa, ko don mai manhaja ya yi zato. A nan kowane bayit zai zama harafi mai zaman kansa:

(3) ƙasa → Æ™asa
(4) baƙi → baÆ™i

Wannan yana da muni a ido, amma akwai wanda ya fi shi haɗari, wato inda mai rubutu da kansa, saboda rashin madannai masu ɗauke da haruffan, ko wata manhaja a kan hanya, ta sauke lanƙwasar baki ɗaya. Sai ƙafa ta zama kafa, faɗa ta zama fada, baƙi ya zama baki, ɓata ta zama bata. Mai karatu Bahaushe zai gane daga muhallin magana, kwamfuta mai ƙirga kalmomi kuwa za ta haɗa su wuri ɗaya ba tare da wata alamar kuskure ba. Wannan ya shafi umarnin SEARCH na IMAP kai tsaye, domin wanda ya nemi sabar ta kawo masa wasiƙun da ke ɗauke da “ƙamus” bai kamata ya sa ran samun waɗanda aka rubuta “kamus” ko “k'amus” ba. Ga shi kuma sabobi sun sha bamban wajen yadda suke bi da baƙin haruffa a bincike. Don haka ya fi aminci a taƙaita binciken sabar ga kwanan wata ko jaka, a ɗebo kome, a yi binciken kalma a gida.

Matsalar Yarabanci ta ɗan bambanta, kuma ta fi zurfi. Harafin ọ yana da lamba guda a Unicode, amma ọ mai karin sauti na sama ba shi da ita, sai an haɗa ọ da alamar karin a matsayin abu na biyu. Shi kansa ọ ana iya rubuta shi da lamba ɗaya, ana iya rubuta shi da o da ɗigo daban. A allo duk kamarsu ɗaya, a ƙirga kuwa kalmomi ne mabambanta, sai an daidaita matanin gaba ɗaya zuwa siga guda, galibi wadda ake kira NFC. Hausa tana da irin wannan a alamar hamza ta 'ya'ya da sa'a, wadda ke zuwa da lambobi aƙalla uku gwargwadon madannai da manhajar mai rubutu, kuma NFC ba ta haɗa su, sai manazarci ya yanke wa kansa hukunci. Wasiƙun da suka fito daga Jamhuriyar Nijar kuma za su zo da ƴ inda na Nijeriya ke da 'y, wannan kuwa bambancin ƙa'idar rubutu ne da ya cancanci a adana shi, ba kuskuren da za a goge ba.

Saboda duk waɗannan dalilai, manhajar da aka tsara da kyau tana fara ajiye kowane saƙo ne a ɗanyensa, bayit da bayit kamar yadda sabar ta miƙo shi, a fayil na eml ko mbox, kafin a warware kome. Misalai (3) da (4) suna gyaruwa, domin bayit na asali suna nan a ɓoye cikin Æ da ™, ana iya juya su. Amma Windows-1252 yana da gurabe biyar da ba a ba su harafi ba, wato 81 da 8D da 8F da 90 da 9D. Babban Ɓ na Hausa, C6 81, ya faɗa cikin na farko, ọ na Yarabanci da Ibo kuma, E1 BB 8D, ya faɗa cikin na biyu. Manhajoji da dama idan suka ci karo da irin wannan bayit sukan maye gurbinsa da alamar tambaya, kuma idan aka adana matanin a haka aka zubar da ɗanyen kwafi, babu wani lissafi da zai nuna harafin da ke wurin tun farko.