Zaɓen Asirai Ga Matsafi A Wasan Dungeons & Dragons

Gabatarwa

Dungeons & Dragons wasa ne na ƙagaggen labari da ake yi a kan tebur. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a shekarar 1974. Mutum ɗaya kan zama jagora mai warware labari, sauran kuma kowa ya ɗauki tauraro guda yana magana da yawunsa. Idan tauraro ya yi yunƙurin da zai iya cin nasara ko ya faɗi, sai a jefa dayis a ga sakamako. Sihirin da ke ciki bai wuce lissafi da takarda ba, tamkar dai abubuwan mamakin da ke cikin tatsuniya.

A wannan muƙala zan duba tauraro ɗaya, wanda littattafan wasan ke kira Sorcerer, da yadda ake zaɓa masa asirai. Alƙaluman da zan kawo na bugu na biyar ne, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2014.

Wane Ne Matsafi?

Wasan ya bambance masu sihiri iri biyu da kan rikita mai fassara. Na farko shi ne Wizard, wanda ya sami sihirinsa ta hanyar karatu, yana yawo da kundinsa. Zan kira shi mai kundi. Na biyu shi ne Sorcerer, wanda ya zama rukuni mai zaman kansa a bugu na uku a shekarar 2000. Shi a jininsa abin yake, wataƙila ya gada daga wani kakansa. Ta fuskar gado, kalmar "maye" ta fi kusa da shi, domin Bahaushe ya ɗauka maita gadonta ake yi. Sai dai maye kurwa yake ci, wannan tauraro kuwa ba ruwansa da kurwar kowa. Don haka na zaɓi "matsafi". Kowane aikin sihiri guda kuma zan kira shi "asiri".

Inda Gizo Ke Saƙar

Mai kundi kan fara wasa da asirai 6, ya ƙara 2 a kowane mataki, ya kuma kwafi duk wanda ya tsinta a hanya. Matsafi kuwa da 2 kacal yake farawa, ban da ƙananan asirai 4 da yake yi ba iyaka. A mataki na 5 yana da 6, a mataki na 20, wato ƙololuwa, yana da 15. Ba ya iya musanya asiri sai lokacin da ya hau sabon mataki, shi ma guda ɗaya tak. Ke nan wanda ya yi mummunan zaɓi zai iya shafe makonni yana jan sa, abokan wasansa na ɗanɗana kuɗarsa tare da shi.

Ɗalibin harshe ya san irin wannan hali. Wanda ya sauka baƙuwar ƙasa da kalmomi 15 a bakinsa ba zai so biyar daga ciki su zama masu ma'ana ɗaya ba. Wannan ita ce ƙa'idar da nake bi: kowane asiri ya zo da aikin da babu wani mai yin sa a jerin.

Ayyukan Da Ya Kamata A Rufe

Na farko, tsaron kai. Matsafi na cikin taurarin da suka fi ƙarancin jini, kuma bai iya sa sulke ba. Asirin Shield, wato garkuwa, yana ƙara maki 5 ga kariyarsa a daidai lokacin da aka kawo masa sara. Amfaninsa ba ya raguwa har ƙarshen wasa. Wanda ya zaɓi matsafi mai jinin dodon nan mai fukafukai da ake kira Dragon, bai da bukatar Mage Armor, domin fatarsa ta riga ta ba shi wannan kariya.

Na biyu, kai hari. A nan ne sababbin 'yan wasa kan cika jerinsu da wuta iri-iri. Fireball, dunƙulen wuta, ana samun sa a mataki na 5. Yana cin dayis 8 masu fuska 6, yana kuma ƙona duk wanda ke tsakanin ƙafa 20 daga inda ya faɗi. Shi kaɗai ya isa. Amma akwai halittun da wuta ba ta yi musu komai, kamar jan Dragon. Saboda haka a haɗa da Magic Missile, kibau 3 da ba sa kuskure, waɗanda ba na wuta ba ne.

Na uku, hanyar tsira. Misty Step kan ɗauke matsafi ya dire shi ƙafa 30 daga inda yake. Gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato, amma tsayawa gaban mai takobi da ɗan jini kaɗan ya fi muni.

Na huɗu, abin da ba faɗa ba. Wasan na cike da fada da kasuwa da masu gadin ƙofa. Suggestion kan sa mutum ya bi shawarar da aka ba shi a jimla ɗaya ko biyu, muddin ta yi kama da ta hankali. A nan iya tsara magana ya fi dayis tasiri.

Tarko Biyu

Tarko na farko shi ne tattara hankali. Wasu asiran, irin su Haste da Fly da Web da Suggestion, ba sa ɗorewa sai matsafi ya tattara hankalinsa a kansu, kuma guda ɗaya kawai ake iya riƙewa a lokaci ɗaya. Wanda ya cika jerinsa da irinsu ya yi taura biyu, ga baki ɗaya.

Na biyu shi ne asirin da ke tsufa. Sleep, mai sa barci, gwani ne a matakan farko, amma da abokan gaba sun yi ƙarfi sai ya zama hoto. A yi amfani da damar musanya a sallame shi.

Sarrafa Asiri

Abin da ya rama wa matsafi ƙarancin asirai shi ne Metamagic, wato ikon lanƙwasa asiri, wanda yake samu a mataki na 3. Yana biya da wasu maki da yawansu ya yi daidai da matakinsa. Twinned Spell kan sa asirin mutum ɗaya ya kama biyu. Da maki 3 cikin 5, matsafin mataki na 5 zai ƙara wa mayaƙa biyu sauri da Haste. Amma idan aka buge shi hankalinsa ya watse, dukansu biyu za su rasa zagaye guda. Subtle Spell kuma kan ba shi damar yin asiri ba furuci ba motsa hannu, ko da a gaban sarki ne. Ya kamata ɗan wasa ya fara yanke irin lanƙwasar da yake so, sannan ya zaɓi asiran da za su karɓe ta.

Kammalawa

Da ni ce za a ce in tsara wa matsafin mataki na 5 asiransa 6, zan ɗauki Shield da Magic Missile da Misty Step da Suggestion da Fireball da Haste. Gyaran dokokin da aka yi a 2024 ya sassauta, ya kai adadin zuwa 22 a mataki na 20, ya kuma sauya aikin Sleep da Twinned Spell. Don haka kafin a rubuta komai a takarda, a tambayi jagora bugun da za a bi, a kuma tambayi abokan wasa asiran da suka riga suka ɗauka, don kada a maimaita.