Bongos Ikwue, Mawaƙin Bakin Dogo

An haifi Bongos Ikwue ranar 6 ga Yuni, 1942 a Otukpo, tsakiyar ƙasar Idoma, cikin jihar Binuwai ta yau. Otukpo garin bakin dogo ne. Layin da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Inugu shi ne ya bi ta cikinsa, ya haye kogi a Makurɗi, ya wuce Lafiya, ya yi ta hawa har Kafanchan. A nan dogon ya rabu biyu, hannu ɗaya ya nufi Jos, ɗayan ya miƙe Kaduna da Zariya. Garuruwan da suka gina mutumin duk a kan wannan layi suke: a Otukpo aka yanke masa cibi, a Zariya ya yi karatu, daga Jos kuma muryarsa ta shiga gidajen Nijeriya. Kafanchan ce mahaɗar hanyoyin uku, shi ya sa nake ganin mutanen kudancin Kaduna suna da haƙƙi a kan labarinsa, ko da yake ba ɗan ƙasarsu ba ne.

Ya yi sakandare a makarantar St. Paul da ke Wusasa, wadda yanzu ake kira Kwalejin Kufena, sannan ya koma Okene, inda shi da 'yan uwansa ɗalibai suka kafa ƙungiyar kiɗa mai suna Cubana Boys. Da ya dawo Zariya ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, sai ya kafa wata, UniBello Brothers. A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya haɗa The Groovies, ƙungiyar da ya yi suna da ita, daga baya kuma kamfanin faifai na EMI ya ɗauke su.

Sai mutum ya tuna abin da kunnen jama'a ya saba da shi a lokacin kafin ya gane ƙarfin halin yaron. A Legas da biranen kudu, kiɗan rawa ke ci, da ƙahoni da ganguna, can kuma Fela ya zo da nasa mai zafi. A Arewa ga Mamman Shata da kalangunsa, ga Ɗan Maraya Jos da kuntigi. Shi kuwa Bongos jita ya rungumo, ya sassauta murya, ya riƙa waƙa kamar mai hira da aboki a gindin bishiya bayan an tashi daga gona. Turancinsa marar ƙawa ne, wanda ɗan aji uku zai fahimta, in kuma abin ya taɓa zuciya sosai sai ya juya harshen Idoma. Soyayya yake yi wa waƙa, da kewar gida, da haƙuri da abin da Allah ya ƙaddara. Ba ya wasa sarki, ba ya roƙon attajiri. Shi ke tsara kalmominsa, shi ke sa musu kiɗa.

Wannan salo bai zama baƙo ba a tsakiyar ƙasar nan. Mutanen wannan yanki sun daɗe da son waƙoƙin ƙauyen Amurka, irin na Jim Reeves da Don Williams, kuma jita ta samu wurin zama a majami'u, inda matasa ke rera waƙoƙin yabo da Hausa. Bajju da Atyap da Ham da mutanen Kagoro, da Hausawa da Fulanin Jama'a, da ma'aikatan jirgin ƙasa da aiki ya kwaso daga ko'ina ya zube a Kafanchan, duk kunnensu ya riga ya san sanyin jita. Abin da Bongos ya ƙara shi ne ya sa mata ƙanshin ƙasarmu. Faifansa Still Searching ya fito a 1978, gidajen rediyo suka yi ta juya shi.

Amma abin da ya kai shi inda faifai ba ya kaiwa wasan kwaikwayo ne. A 1980 gwamnatin Shehu Shagari ta ƙaddamar da shirin bunƙasa noma, bayan na ciyar da ƙasa da gwamnatin Obasanjo ta fara a 1976. Kuɗin mai ya kwashe samari daga gona ya kai su birni, ana neman dabarar da za ta sa su waiwayo. Sai gidan talabijin na NTA ya fito da Cock Crow at Dawn, wato carar zakara da asuba, ƙarƙashin jagorancin Peter Igho, ana ɗaukarsa a ƙasar Jos. Labarin wani magidanci ne mai suna Bello da zaman birni ya ƙi masa, ya kwashi iyalinsa ya koma ƙauye ya kama noman zamani, ya yi ta karo da tsofaffin al'adu da hassadar dangi. Bongos aka ba aikin waƙar buɗe shirin.

Dubi jerin 'yan wasan. George Menta ne Bello. Sadiq Daba ne Bitrus. Ene Oloja ce Zemaye, Kasimu Yero kuma shi ne Gaga, dattijon da 'yan kallo ke jin haushinsa amma ba sa son a yi fitowa babu shi. George ya zama Bello, Sadiq ya zama Bitrus, ba wanda ya ɗaga gira. Mai kallo a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi bai ga wani abin mamaki ba, domin haka unguwarsa take, haka wani lokacin gidansu ma yake. Manomin citta a Kachia da mai noman acca a gindin duwatsun Kagoro sun ga irin gonarsu da irin fartanyarsu a cikin akwati, abin da ba kasafai talabijin ke yi musu ba. A zamanin da gida ɗaya ne ke da talabijin a layi guda, yara kan cika tsakar gidan, wasu a tabarma wasu a kan taga, da zarar jitar nan ta fara kowa ya san lokaci ya yi. Waƙar ta shiga kan mutanen da ba su taɓa sayen faifai ba, har da waɗanda ba su jin Turanci.

To a nan ne abin ya zo da ciwo. An haddace waƙar, an manta mai ita. Tambayi wanda ya haura shekara hamsin a yau, zai yi maka gunjin sautinta nan take, amma in ka ce wa ya rera, sau da yawa sai ya yi shiru. Ina ganin dalilin a fili yake. Masu rubuta tarihin kiɗan Nijeriya daga Legas suke kallo, sai su lissafa Fela da Sunny Ade da Osadebe su rufe littafi. Masu nazarin waƙa a Arewa kuma makaɗan Hausa suke bi, na fada da na jama'a. Mutumin da ya fito daga tsakiya, ya yi karatu a Zariya, yake waƙa da Turanci da Idoma, bai shiga kundin kowa sosai ba. Wannan rashin adalci ne, kuma ba shi kaɗai aka yi wa ba. Bala Miller, wanda ya raya kiɗan zamani a Kaduna har ya rasu a 2003, shi ma haka sunansa ke dusashewa.

Sauran kuma tattalin arziki ya ƙarasa. Kaset na satar fasaha ya cika kasuwa, darajar naira ta faɗi bayan 1986, kamfanonin faifai na waje suka tattara nasu ya nasu. Bongos ya koma Otukpo ya shiga kasuwanci, ya gina otal, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa a fagen waƙa ba.

Ashe bai ajiye jitar ba. A 2010 aka fitar da fim ɗin Inale, wanda Jeta Amata ya ba da umarni, Keke 'yar Bongos ta shirya. Tatsuniyar Idoma ce aka gina a kan waƙoƙinsa, kuma a 2011 fim ɗin ya ci kyautar kiɗa mafi kyau a gasar finafinan Afirka ta AMAA. A 2013, yana da shekara saba'in da ɗoriya, ya fitar da faifan Wulu Wulu tare da sabuwar ƙungiyarsa Double X, muryar ta ƙara kauri amma natsuwarta na nan. Abokan aikinsa na Jos sun fara tafiya: Kasimu Yero ya rasu a 2017, Sadiq Daba a 2021. Shi kuwa Bongos a watan Yunin 2022 ya cika shekara 80 a duniya.