Hatimin kwamfuta: kowane mabuɗi da ƙofarsa

Duk ma'aikacin gwamnati ya san takarda ba ta da daraja sai da hatimi da sa hannu. Haka abin yake ga kwamfuta. Tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a shekara ta 1993, manhajojinsa suna ajiye cikin manyan rumbuna, ta intanet ake ɗauko su. To, ƙaƙa na'ura za ta gane kayan na gaske ne, ba wani mugu ya musanya su a hanya ba?

Mabuɗai biyu ke wannan aiki. Na farko na sirri ne, yana hannun masu rumbu, da shi suke sa hannu bisa takardar lissafin kayansu mai suna Release. Na biyu na kowa ne, ana ajiye shi cikin kwamfuta. Da shi APT, wato manhajar da ke girka sauran, take tantance sa hannun. In ko harafi ɗaya ya canza, sai ta ƙi kayan. Tun fitowar Debian 4.0 a 2007 ake wannan bincike.

Sai dai an daɗe da wata ɓaraka. A da, umarnin apt-key ne ke shigar da mabuɗai, yana zuba su duka jaka guda. Wanda duk ya shiga jakar, na'ura ta yarda da shi ga kowane rumbu. Ke nan mutumin da aka amince masa saboda ƙaramar manhaja ɗaya, in ya sami hanya, yana iya sa hannu bisa kaya da sunan Debian kanta. Tamkar a ce hatimin mai unguwa ya isa a ba da fasfo.

Saboda haka aka yi horo da barin apt-key a Debian 11, cikin 2021, kana aka fid da shi ɗungum a Debian 13, cikin 2025. Yanzu kowane mabuɗin waje ana ajiye shi daban a /etc/apt/keyrings, a ɗaure shi da rumbunsa kaɗai ta layin Signed-By.

Abu uku ya kamata mai kula da na'urorin ma'aikata ya riƙe. Kafin ya karɓi mabuɗi, ya gwada lambar shaidarsa, mai haruffa da alƙaluma 40, da wadda masu rumbun suka bayyana. Ya lura da ranar da wa'adinsa zai cika. In an daina aiki da rumbu, ya share mabuɗinsa.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Agusta na 2008, bayan an kutsa cikin na'urorin Fedora, sai da suka sake mabuɗin sa hannunsu don riga-kafi.

A tuna kuma, sa hannu yana shaida mai kaya ne, ba ya shaida halinsa. Duk manhajar da aka girka tana samun cikakken iko bisa na'ura lokacin girkawa. Don haka kada a yawaita rumbuna sai da dalili.