Baƙon Ɗan Kasuwa a Ƙasar Jamus

Da yawa daga cikinmu in mun ji an ce Turawa, sai mu ɗauka duk abu guda ne, tun da ya ke fatarsu iri ɗaya ce, tufafinsu kuma iri ɗaya. To, ga wani al'amari da ya auku tsakanin Amurkawa da Jamusawa, wanda ya nuna ba haka abin ya ke ba, har ya jawo wa wani kamfani hasara mai yawa.

Akwai wani kamfanin kantuna a Amurka, a na ce da shi Walmart. Wani mutum, Sam Walton, shi ya buɗe kantin farko a garin Rogers na Arkansas cikin shekarar 1962. Dabararsa ita ce ya sari kaya jingim, ya sayar da araha, riba kaɗan kaɗan amma ciniki ba ya yankewa. Kafin ya rasu a 1992 ba wani kamfanin kantuna a Amurka da ya kai nasa ciniki. Suka shiga Meziko da Kanada, abin ya karɓe su. Sa'an nan suka ƙetare teku zuwa Jamus. A 1997 suka sayi kantuna 21 na wani kamfani mai suna Wertkauf, a 1998 suka ƙara da 74 na Interspar, watau 95 ke nan. Suka zo da ƙarfinsu da dukiyarsu, da dukan al'adun gidansu, ba su rage ko ɗaya ba.

Bari mu fara da murmushi, don shi ya fi ba mu mamaki. Ƙa'idar kamfanin ita ce, in mai saye ya kusato ma'aikaci da misalin ƙafa 10, lalle ma'aikacin ya dube shi, ya yi masa fara'a, ya gaishe shi. A Amurka wannan ladabi ne, ba wanda zai kawo kome a ransa. Bajamushe kuwa ba ya yi wa wanda bai sani ba murmushi haka kawai. In ya shiga kanti so ya ke a ƙyale shi ya nemi abin da ya kawo shi, ya biya, ya kama gabansa. Sai wasu suka riƙa ganin fara'ar nan ta ƙarya ce, wasu maza kuma suka zaci matan da ke sayarwa nemansu su ke yi. Haka kuma a Amurka ma'aikaci ne ke zuba wa mutum kayansa cikin jaka. Bajamushe ya saba zuwa da jakarsa, ya shirya kayansa da hannunsa, ba ya son wani baƙon hannu ya yi ta juya masa abincin da ya riga ya biya.

Mu da muka tashi inda ba a fara ciniki sai an tambayi gida da gajiya, mai yiwuwa mu ce ai Jamusawan nan ba su da sakin fuska. Amma mu yi hankali da wannan hukunci. Su a wurinsu, girmama mutum shi ne kada ka ɓata masa lokaci, kada kuma ka nuna masa sabon da babu shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi.

A cikin gida ma abin bai yi daɗi ba. Al'adar kamfanin ce kowace safiya ma'aikata su taru su yi wa kamfanin kirari da babbar murya, suna kiran baƙaƙen sunansa ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikatan Jamus suka ga wannan abin kunya ne ga babban mutum mai iyali. Daga baya dai aka janye kirarin, aka kuma daina tilasta murmushin, amma bakin alƙalami ya fara bushewa. Shugabannin da aka fara turowa ba su jin Jamusanci, sai ya zama da Ingilishi a ke tafiyar da al'amuran babban ofis. Da aka tattara ofisoshi a garin Wuppertal, manyan ma'aikata da yawa suka gwammace su bar aiki da su tashi daga garuruwansu, alhali su ne suka san kasuwar ƙasar. A Amurka mutum ya kan bi aikinsa duk inda aka kai shi, sabo da haka ba a zaci za su ƙi ba.

Abin da ya fi tsanani ya zo a 2005. Kamfanin ya raba wa ma'aikata wata takardar ƙa'idodin ɗa'a, wadda ta hana soyayya tsakanin ma'aikata biyu in ɗayansu na da iko a kan aikin ɗayan, ta kuma ba da lambar waya da mutum zai kai ƙarar abokin aikinsa a asirce. Ba'amurke zai ce wannan tsare mutunci ne, don kada babba ya zalunci na ƙasa da shi, kuma mu ma ba mu ga niyyar mugunta a ciki ba. Sai dai Jamusawa sun sha wuyar 'yan rahoto a zamanin Hitler, na gabas kuma suka sake shan ta a hannun 'yan sandan ciki har 1989. Kalmar nan ta kai ƙara a asirce ba ƙaramin ciwo ta ke fama musu ba. Ban da wannan, dokar ƙasar ta ba majalisar ma'aikata ta kowane kamfani haƙƙin a nemi yardarta a kan irin waɗannan ƙa'idodi, ga shi ba a nema ba. Aka je kotu. Cikin watan Nuwamba na shekarar, kotun ƙwadago ta Düsseldorf ta yanke cewa hana soyayyar ya saɓa wa tsarin mulkin Jamus, wanda ya tsare darajar mutum da 'yancinsa na tafiyar da rayuwarsa.

Kada dai mu ɗora wa al'ada laifin duka, don ba gaskiya ba ne. Arahar da Walmart ke taƙama da ita ya tarar da masu ita a can, watau Aldi da Lidl, waɗanda kantunansu ƙanana ne, kayansu kaɗan, kuɗinsu ƙasa ƙwarai. Da aka shiga gasar karya farashi, a shekarar 2000 hukumar hana danniya a kasuwa ta tsawata wa Walmart da Lidl da wani reshe na Aldi, ta hana su sayar da madara da wasu kayan masarufi ƙasa da yadda suka saro. Samun izinin gina sabon babban kanti kuma da wuya ya ke a ƙasar. Amma a ganinmu waɗannan ma duk abubuwa ne da ɗan gari zai iya faɗa wa baƙo tun ran da ya sauka, in baƙon ya tambaya, in kuma yana jin harshen da za a ba shi amsa.

Cikin watan Yuli na 2006 kamfanin ya ba da sanarwar zai bar Jamus. Ya sayar wa kamfanin Metro kantuna 85 da suka rage, ya ce hasararsa a kan wannan fita ta kai wajen dala biliyan 1. A cikin shekarar nan kuma ya sayar da kantunansa na Koriya ta Kudu ga wani kamfanin ƙasar mai suna Shinsegae. Metro ya sauke allunan Walmart daga ƙofofin kantunan Jamus, ya kafa nasa masu sunan Real.