Kyamara Da Taurarin Manazili A Sararin Zuru

Akwai wani ilmi da ke neman ɓacewa a ƙasar Zuru, shi ne sanin taurari da ido. Har yanzu akan sami almajirin da zai jero manazili 28 da ka, tun daga Naɗaha har Baɗanul Hutu, amma in aka fita da shi tsakar gida da dare aka ce ya nuna Dabaran, sai ya yi tsuru-tsuru. Suna na baki, tauraro ya ɓace masa. Dattawan da suka san su kuwa suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Watan Musulunci yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka ba ya tsayawa tare da ruwa ko sanyi. Manazili su ke tsayawa. Da su malamai suka raba shekara huɗu, watau bazara da damina da kaka da ɗari, kowace da taurari 7, kowane tauraro kwana 13, in ban da guda mai kwana 14, jimla 365. Da su manomi ke auna lokacin shuka, falke ke kirdadon shigowar sabuwar dawa kasuwa, madugu kuma a dā ya san sa'ar da zai ta da ayari.

To, ga wani makami ya zo hannu wanda magabata ba su samu ba, shi ne kyamarar zamani wadda ba ta bukatar fim. Tun 1850 aka fara ɗaukar hoton tauraro a Amurka, shi ne wanda Larabawa ke kira Nasrul Waƙi'i. Amma irin ta yanzu sai a 1975 wani injiniya na kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa ta fari. A cikinta akwai wani ɗan faranti mai jin haske. Bambancinsa da ido shi ne, ido yana gani yana zubarwa nan take, shi kuwa tarawa yake yi, kamar randa ƙarƙashin indararo. In an bar ƙofar kyamara a buɗe, hasken tauraro mai rauni yana ta taruwa har ya bayyana.

Ga yadda masu wannan sana'a ke yi. Sukan ɗora kyamara bisa maɗori mai ƙafa uku, gama ko rawar hannu kaɗan tana ɓata hoto. Sukan kashe fitilarta, su buɗe idon gilashin iyakarsa, su saita shi da hannu bisa tauraro mafi haske har ya zama ɗigo sosai. Lambar jin haske da ake kira ISO sukan kai ta 1600 ko 3200. Sa'an nan su bar ƙofa a buɗe sakan 15 zuwa 20. In an zarce haka, sai taurari su fara jan wutsiya, domin ƙasa tana juyawa daraja 15 kowace sa'a. Ƙa'idarsu ita ce a raba 500 da lambar da ke rubuce jikin gilashin. Mai lamba 25 zai ba da sakan 20.

Lokaci mafi kyau a Zuru shi ne ƙarshen damina, Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya wanke sama, kafin hazo da hayaƙin ƙunar daji su rufe ta. A zaɓi dararen ƙarshen wata ko farkonsa, sa'ad da babu farin wata. Ba sai an shiga daji ba, balle a wannan zamani da tafiyar dare ke da hatsari. Farfajiyar makaranta ta isa, musamman daren da aka ɗauke wuta. Mutum ya ajiye tocila da waya kamar minti 20, idonsa zai saba da duhu.

Abin da hoton ke fitarwa yana da ban mamaki. Surayya, wadda Hausawa ke kira Kaza da 'Ya'yanta, ido ba ya ƙirga mata fiye da 6 ko 7, alhali masana sun samu ta haura tauraro 1,000. Hasken da ke isowa daga gare ta yau ya yi shekara wajen 440 bisa hanya, watau ya taso tun Surame na birnin sarautar Kabi. Nasara, wadda ido ke gani kamar ɓurɓushin gajimare, sai ta fito tarin taurari daki-daki. Haƙ'a ma, 'yan taurarin nan uku masu rauni da ke wuyar nunawa da yatsa, sai ta fito sarari. Wanda kuma ya fuskantar da kyamara arewa ya bar ta sa'a guda, zai ga taurari sun zana baka kewaye da tauraron arewa, wanda a Zuru ke tsaye kamar daraja 11 bisa gefen sama. Wanda ya san arewa kuwa ya san alƙibla, gama daga Zuru tana gabas ne, an ɗan karkata arewa.

Amfanin abin a nan yake. Saurayi na da kyamara, bai san suna ba; tsoho ya san suna, idonsa ya yi rauni. In saurayi ya ɗauko hoto ya kawo wa tsoho da rana, tsoho ya nuna masa ja tauraron nan mai bin bayan Kaza ya ce shi ne Dabaran, aka rubuta sunan da ajami gefen hoton, to an kama ilmin ke nan kafin ya tafi kushewa. Da dare sai malam ya fita da almajirai su gwada hoto da sama.

Sai dai a kiyaye abu biyu. Wannan ilmin lokaci ne da jiha, babu ruwansa da duba ko da'awar sanin gaibu. Na biyu, hoton jinjirin wata shi kaɗai bai isa shaida ba, domin hoto ba ya faɗin ranar da aka ɗauke shi da amana. Shaida ta adilai ce, sanarwa kuwa ta Sarkin Musulmi ce a Sakkwato.

Duk attajirin da ɗansa ke da irin wannan kyamara, ya aike shi wurin tsohon malamin unguwa tun kafin hazon bana ya sauko. Allah ya ba da dacewa, amin.