Baƙo a Tsibiran Tabkin Cadi

In kaka ta wuce, an zuba gero a rumbu, samari da yawa na ƙasar Dungas sukan ɗaure kaya su tafi cin rani. Wasu su bi ta Maigatari su nufi Kano, wasu su yi Damagaram, wasu har Agadas. Akwai kuma masu nufar gabas, wajen Tabkin Cadi, don an gaya musu can akwai kifi, akwai kuɗi. Yawancinsu sukan tafi ƙungiya-ƙungiya. Amma ba a rasa wanda zai kama hanya shi kaɗai, ba ɗan'uwa, ba masani, sai labarin da ya ji a kasuwa.

Tsibiri shi ne tudun ƙasa wanda ruwa ya kewaye ta kowane gefe. Wataƙila kun taɓa ganin hoton tsibiri a littafi ko a jikin kalanda: farin yashi, shuɗin ruwa, da dogayen itatuwan kwakwa. Irin waɗannan tsibirai a teku suke, kamar Zanzibar da ke gabashin Afirka. Saurayin da bai taɓa barin Dungas ba, in ya ji an ce tsibiri, irin wannan hoto ne yake zo masa a rai. In kuma ya dubi taswirar da ke rataye a bangon lakwal, sai ya ga an shafa shuɗi mai faɗi a ƙarshen Nijar ta gabas, an sa garin Ngigmi daidai bakinsa.

Hanyar tana da tsawo. Daga Dungas sai Magarya, sai Damagaram. Daga nan mota ta hau kwalta ta yi gabas, ta wuce Mirya, da Gure, da Gudumariya, da Maine-Sorowa, da Difa. Tsakanin Damagaram da Ngigmi akwai wajen kilomita 600.

Abu na farko da yake ba baƙo mamaki shi ne, in ya sauka a Ngigmi ba ya ganin ruwa. Sai rairayi, da raƙuma, da daji mai ƙaya. In ya tambaya ina tabkin, sai a nuna masa gabas da hannu, a ce ya nemi wata mota ko amalanke, da sauran tafiya. Taswirar lakwal ba ƙarya ta yi ba, tsufa ta yi. A shekarar 1963 faɗin tabkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, kuma jiragen ruwa suna tsayawa kusa da Ngigmi. Sai aka yi babban fari a 1973, aka sake yin wani a 1984. Tabkin ya rabu biyu, kwarin arewa da kwarin kudu. Kwarin arewa, inda rabon Nijar yake, ya yi shekaru yana ƙafewa ƙaf, har mutane suka yi gonaki a inda dā ake jefa koma. A tsakiyar shekarun 1980 buɗaɗɗen ruwan da ya rage bai kai murabba'in kilomita 2,000 ba. Sai a ƙarshen shekarun 1990 ruwa ya soma komowa ɓangaren Nijar, wata shekara da yawa, wata shekara kaɗan.

Wannan mamaki ba sabo ba ne. A shekarar 1851 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya iso Kukawa wurin Shehu Umar na Barno. A ƙasar Turai an ɗauka Cadi wani babban teku ne a tsakiyar Afirka. Barth ya hau doki ya fita don ya gan shi. Ya yi ta tafiya cikin ciyawa da fadama, yana hange, bai ga buɗaɗɗen ruwa ba a wannan rana, ya koma ransa a ɓace.

Me ya sa wannan tabki yake yawo haka? Dalilin shi ne ba shi da zurfi. Ku ɗauki faifai ku zuba masa ruwa: in kun ƙara kaɗan sai ya bazu har baki, in kun rage kaɗan sai rabin faifan ya bushe. Haka Tabkin Cadi yake. A wurare da yawa zurfinsa bai wuce mita 2 ba, shi ya sa ake tura jirgi da doguwar gora maimakon filafili. Rana da iska kuma suna shanye ruwa mai yawa kowace shekara.

Ga wani abin da ɗan Dungas ba ya tsammani. A wajenmu tabki da damina yake cika, da rani ya ƙafe. Can kuwa ba haka ba ne. Kusan kashi 9 cikin 10 na ruwan da koguna suke kawowa, kogin Shari ne yake kawo shi tare da reshensa Logon. Shi kuwa ruwan sama ne da ya sauka can nesa a kudu, a Afirka ta Tsakiya da Kamaru, kuma yana yin watanni a hanya. Saboda haka sai damina ta wuce, an shiga ɗari, sannan tabkin yake cika. Kafin ruwa ya ratsa ciyawa ya kai kwarin arewa, sau da yawa an shiga Disamba ko Janairu. Wanda ya zo da kaka sai ya taka da ƙafa zuwa wani tudu, ya kafa bukka. Bayan wata biyu ya farka ya tarar tudun ya zama tsibiri, ba fita sai da jirgi. Akwai kuma wani kogi ƙarami da yake shiga tabkin kusa da Boso, sunansa Komadugu Yobe. Wannan maƙwabcinmu ne, don wani sashe na ruwansa daga kogin Haɗeja yake fitowa.

Su kansu tsibiran, yawancinsu tsofaffin tuddan rairayi ne da ruwa ya ci gindinsu, irin tuddan da ake noma gero a kansu a ƙasar Magarya. Ba kwakwa. Akwai goriba a wasu, akwai tumfafiya, akwai ciyawa da ta fi mutum tsawo. Tun bayan shekarun fari wani itace mai ƙaya da aka kawo daga waje, ana ce masa purozofis, ya mamaye inda ruwa ya janye. Da ruwa ya komo sai ya tarar da daji. Ƙayar tana yaga koma, tana tare hanyar jirgi, amma da itacen ake banda kifi.

Akwai kuma tsibiran da ba su da gindi. Ciyawar ruwa ce take sarƙewa da saiwoyinta, ta yi kauri har mutum ya iya tsayawa a kai. In iska ta taso sai ta tura wannan tarin ciyawa daga wuri zuwa wuri. Hanyar da jirgi ya bi da safe, da marece a tarar ta toshe. Baƙon da ya sa alama da irin wannan tsibiri don ya gane hanyar komawa ya ɓata ke nan, domin alamar tasa ta yi tafiyarta. Cikin ciyawa kuwa ba a hangen nesa, kowace kwana kamar ƴar'uwarta take. Ana kuma iya gamuwa da dorina, wadda take kifar da jirgi in an matsa mata.

Da rana ta faɗi sai sauro ya fito. Sauron Dungas na damina wasa ne a kan wannan. Mutanen tsibiri sukan ci tuwon dare da wuri, kowa ya shige sange. Har shanu ake hura wa hayaƙi. Wanda ya zo ba sange ba zai runtsa ba, kuma masassara tana jiransa, ga likita da nisa. Sanyin ɗari a kan ruwa shi ma ya fi na tudu cizo. Abu ɗaya ne yake zuwa wa baƙo da daɗi: ruwan ba na gishiri ba ne kamar na teku, mutum da dabba suna sha, ko da yake tafasa shi ya fi.

Tsibiran nan suna da masu su. Mutanen da suka daɗe a ciki su ne Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masunta ne, makiyaya ne kuma. Shanunsu ana ce musu Kuri, farare ne masu manyan ƙahoni kamar gora, kuma suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa. Dā Buduma da damin ciyawa suke ɗaure jirginsu, yanzu jirgin katako da inji sun yi yawa. Ban da su akwai Barebari, da Hausawa, da Jukunawa, har da masunta daga Mali. Hausa tana ci a kasuwa, wasu wurare ma sunan Hausa gare su, kamar Dogon Cuku da Daban Masara a ɓangaren Najeriya. Amma jin Hausa bai ba mutum izinin jefa ƙugiya inda ya ga dama ba. Kowane ruwa da mai shi, kowace gona da wanda ya raba ta.

Abokin tafiyar Barth, wani Bajamushe mai suna Overweg, shi ne Baturen da ya fara shiga tsibiran. Jirginsa gunduwa-gunduwa aka ɗauko shi a kan raƙuma tun daga Tarabulus, aka ratsa Sahara da shi, aka haɗa shi a bakin tabki a 1851. An tsorata shi da cewa Buduma ƴan fashi ne. Da ya shiga sai suka karɓe shi, suka nuna masa hanya, ya yi makonni a cikinsu. Abin da ya ji tsoro bai taɓa shi ba. Masassara ce ta kashe shi a shekarar 1852, a wani ƙauye na bakin tabkin, yana ɗan shekara 30.

To, ina kuɗin da aka yi ta ba da labari? Kifi dai akwai shi: tarwaɗa, da karfasa, da bargi. Ana banda shi, a cika kwalaye, a kai kasuwannin Najeriya. Amma baƙon da ya zo hannu sake ba shi da jirgi, ba shi da koma, bai ma iya iyo ba. Aikin da yake samu shi ne saran itace, da fiɗar kifi, da tsaron wutar banda dare da rana, idanu suna hawaye. In wani ubangida ya ba shi ƙugiya da abinci bashi, to shi zai sayar wa kifin, a kuɗin da ubangidan ya yanka. Gero da sukari da sabulu duk a jirgi ake kawo su, don haka sun fi tsada. Wanda yake da mai masauki ɗan garinsu yana da mai tsaya masa in ciniki ya rikice, yana da mai kai shi likita. Wanda ya zo shi kaɗai, ko rasuwa ya yi, a daɗe labari bai kai gida ba.

Ƙasashe 4 ne suka haɗu a tabkin: Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Kamaru. A 1964 suka kafa hukuma guda don kula da shi. Sai dai iyaka ba ta ganuwa a kan ruwa. Mutum yana iya ƙetare ta bai sani ba, sai ya ga jandarma ko ɗan duwan na wata ƙasa yana tambayarsa takardu.

Duk waɗannan wahaloli ƙanana ne a kan abin da ya zo daga baya. A watan Fabrairu na 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. A watan Afrilu suka afka wa tsibirin Karamga, sojoji da farar hula da yawa suka rasu. Hukuma ta ce kowa ya fita daga tsibiran Nijar. Mutane wajen 25,000 suka baro jirage da dabbobi, suka taka da ƙafa zuwa Ngigmi da Boso cikin zafin bazara, da yara da tsofaffi. An hana cinikin kifi, sai a 2019 aka ɗage wannan doka. Wasu masunta sun koma bayan haka, suka tarar masu bindiga suna karɓar haraji a wurare da dama, baƙon da ba a san shi ba kuwa kowane ɓangare yana zarginsa da leƙen asiri. Ƴan cin rani da yawa da suka saba wucewa tsibirai sai suka riƙa tsayawa a Difa, suna ƙodago a gonakin tattasai da shinkafa na bakin Komadugu.