Hular Haƙori A Yini Guda: Lissafin Da Ke Gaban Masu Jari A Yola Da Jimeta

Sana'ar gyaran haƙori ta shiga sahun sana'o'in da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, ta rage wa tsawon lokaci. Aikin sa wa haƙorin da ya lalace hula, wanda bisa al'ada yakan ci mako biyu zuwa uku, yanzu ana iya kammala shi cikin kimanin sa'a biyu a zama guda. A Nijeriya an fi samun irin wannan aiki a manyan asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Tambayar da ke gaban likitoci da 'yan kasuwar Yola da Jimeta ita ce ko jarin da ake zubawa a waɗannan na'urori zai iya fitar da kansa a kasuwa irin tasu.

Hular haƙori ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya san haƙorin Makka, na zinariya ko na azurfa da alhazai kan dawo da shi, ya san siffarta. Bambancin shi ne haƙorin Makka ado ne, ita kuwa hular da likita ke sawa magani ce. Ana rufe haƙorin da ya ruɓe ko ya tsage da ita, ko wanda aka cire wa jijiya ya yi rauni, domin a ci gaba da tauna da shi maimakon a cire shi. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya nuna cewa cututtukan baki sun shafi kusan mutum biliyan 3.5 a duniya, kuma ruɓewar haƙori ce a kan gaba.

Yadda aikin yake

A tsohuwar hanya, likita yakan rage haƙorin, ya ɗauki siffarsa da wani irin danƙo, ya sa wa majiyyaci hular wucin gadi, sa'an nan ya aika da siffar zuwa ɗakin maƙeran haƙora. Can ne za a ƙera hular da hannu, galibi da ƙarfe a lulluɓe shi da tangaran. Majiyyaci zai dawo karo na biyu a gwada masa. Idan ba ta zauna daidai ba, sai a mayar da ita, a sake jira.

A sabuwar hanya kuwa, bayan an rage haƙorin, sai a zura wata 'yar kyamara cikin baki ta ɗauki siffarsa ta kowace fuska. Kwamfuta ta zana hular, likita ya duba ya gyara, sa'an nan injin sassaƙa ya fitar da ita daga dunƙulen tangaran cikin 'yan mintoci. Daga nan sai a gasa ta a tanderu ta yi ƙarfi, a liƙa ta. Wani nau'in tangaran ana gasa shi a zafin digiri 850 ko kusa da haka, yayin da nau'in zirkoniya, wanda ya fi tauri, yake bukatar kimanin digiri 1,500.

Fasahar ta samo asali ne daga Jami'ar Zurik ta ƙasar Suwizalan, inda likitan haƙori Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka ƙirƙiro na'urar CEREC, aka fara aiki da ita a bakin majiyyaci a 1985. Kamfanin Siemens na Jamus ne ya yaɗa ta a kasuwa. Da farko ciko kawai take iya yi, sai a shekarun 1990 ta kai ga fitar da cikakkiyar hula. Sashen haƙori na Siemens ya zama kamfanin Sirona a 1997, wanda ya haɗe da Dentsply na Amurka a 2016. Tun daga lokacin gasa ta ƙaru, domin kamfanoni irin su 3Shape na Danmak, Planmeca na Finlan, Medit na Koriya ta Kudu da Shining 3D na ƙasar Sin duk suna sayar da kyamarori ko injuna, abin da ya sa farashin kyamarar ya sauko.

Abin da Yola ke da shi

Hajar da wannan na'ura ke sayarwa ita ce lokaci, kuma lokaci ya fi tsada a inda tafiya ke da nisa. Yola ita ce hedikwatar Jihar Adamawa tun da aka raba tsohuwar Jihar Gongola a 1991, Jimeta kuma ita ce cibiyar cinikinta. Nan ne Asibitin Ƙwararru na jiha yake, da tsohuwar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya wadda aka ɗaukaka ta zama Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama. Mutanen Mubi, Numan, Ganye da Jalingo sun saba zuwa Yola neman magani. Ɗan kasuwar da zai baro shagonsa a Mubi, tafiyar kusan kilomita 200, idan aka ce ya zo sau biyu ko uku, kuɗin mota da na masauki da cinikin da ya rasa duk suna cikin farashin haƙorin, ko da ba a rubuta su a rasit ba. Haka kuma wanda zai nufi Abuja, tafiyar yini guda a mota, ko kuɗin jirgi zuwa da dawowa.

Har ila yau akwai ma'aikatan gwamnati da na bankuna, da malaman Jami'ar Modibbo Adama da na Jami'ar Amurka ta Nijeriya, ga kuma 'yan kasuwar Garwa ta Kamaru da ke hulɗa da Jimeta da kuɗin sefa. Waɗannan su ne kasuwar da mai jari zai sa wa ido.

Inda gizo ke saƙar

Amma fa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Cikakken tsarin na'urorin, wato kyamara da kwamfuta da injin sassaƙa da tanderu, daga manyan kamfanoni yakan haura dalar Amurka 100,000. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yuni na 2023, ana canjin dala a hukumance a kan kimanin Naira 460, wato jarin Naira miliyan 46. A 2024 dala ta haura Naira 1,500, jarin ya koma Naira miliyan 150 ba tare da na'urar ta ƙara tsada a wurin masu ita ba.

Idan bashin banki ne, nauyin ya ƙaru. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ba da rance. Alal misali, wanda ya ranto Naira miliyan 150 a kan kashi 30 cikin ɗari zai biya Naira miliyan 45 a shekara kuɗin ruwa kawai. Idan aka raba wannan a kan ranakun aiki 300, kowace safiya yana buɗe asibiti da bashin Naira 150,000 a wuyansa, ba a yi maganar uwar kuɗi, albashi ko haya ba.

Bugu da ƙari, kayan aikin yau da kullum ma daga waje ake shigo da su. Kowace hula tana cin dunƙulen tangaran guda, bakin injin sassaƙa yana cinyewa ana canja shi, wasu kamfanonin kuma suna karɓar kuɗin sabunta manhaja shekara-shekara, duk da kuɗin waje. Ga batun wuta. Injin da tanderun ba sa jure ɗaukewar lantarki a tsakiyar aiki, don haka baya ga wutar Kamfanin Rarraba Lantarki na Yola, dole a tanadi janareta ko wutar sola da batura. Zafin Yola, wanda kan wuce digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, da ƙurar hunturu, sun wajabta ɗaki mai na'urar sanyaya iska. Idan kuma injin ya lalace, kowace ranar da za a yi ana jiran injiniya ko kayan gyara asara ce.

A ɓangaren masu saye, fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fitowa, duk da dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta 2022. Mutane da dama ba sa zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana su barci, a lokacin kuwa cirewa ta fi araha, ita aka fi zaɓa. Sa'an nan ba kowane haƙori ne ya dace da aikin yini guda ba. Wanda ruɓarsa ta shiga ƙarƙashin dasashi, ko haƙoran gaba da ke bukatar a daidaita launinsu da kyau, sau da yawa hannun maƙeri ya fi dacewa da su.

Hanyar da ta fi sauƙi

Daga wannan lissafi za a ga cewa asibiti guda da ke yin hula ɗaya ko biyu a mako ba zai iya ɗaukar nauyin cikakken tsarin ba. Injin yana biyan kansa ne da yawan aiki. Amma tsarin ana iya raba shi. Kyamarar, wadda kuɗinta kaso ne kaɗan na jarin, tana iya zama a kowane asibiti, injin sassaƙa da tanderu kuma su zauna a cibiya guda a Jimeta da za ta yi wa kowa aiki a kan farashi. Siffar haƙori a yanzu bayani ne da ake turawa ta intanet cikin mintoci. Asibitin da ke cikin Yola zai iya tura aiki da safe ya karɓa da rana a babur, na Mubi ko Jalingo kuma ya karɓa washegari ta tashar mota. An daɗe ana tafiyar da irin waɗannan cibiyoyin sassaƙa a Turai da Amurka.

Wannan tsari ya buɗe ƙofa ga ɗan kasuwar da ba likita ba, muddin ya kiyaye doka. Taɓa bakin majiyyaci aikin likita ne mai lasisin Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, ƙirar haƙora kuma aikin ƙwararru ne masu rajista da hukumarsu. Makarantar tarayya da ke Inugu ta daɗe tana horar da maƙeran haƙora, Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano kuma suna yaye likitocin haƙori. Horar da su kan zane da kwamfuta wani ɓangare ne na jarin da bai kamata a manta da shi ba.

Saboda haka, kafin mai jari ya buɗe takardar odar kaya, abu uku ya kamata ya tabbatar: yawan hulunan da asibitocin Yola da Jimeta ke aikawa a ƙera musu kowane wata, rubutacciyar yarjejeniya da likitocin da za su riƙa kawo aiki, da kuma dillalin da ke da injiniya da kayan gyara a cikin Nijeriya. Idan alƙaluman farko ba su kai ba, sayen kyamara kaɗai a ci gaba da tura aiki wani gari mataki ne da ba zai karya jari ba, injin kuma ya biyo baya idan kasuwa ta nuna.